Tukunyar da Ta Ƙi Mutuwa

Sutgol, Yeongwol
9 ga Disamba, 1994

'Yata Yeonsil,

Gaisuwa mai yawa daga kawunki. Ina fata iskar tekun Geoje ba ta takura miki ba, kuma tarin da kika zo da shi lokacin bikin kaka ya sake ki. Ni lafiyata lau, ban da gwiwa, ita kuwa tun ina ramin kwal muke tare, mun saba da juna. Kunne kin san nakiya ta cinye shi tuntuni, shi ya sa na ɗauki alƙalami maimakon in ɗaga tarho in yi ta ihu ni kaɗai.

Ga abin da ke tafe da ni. Tukunyar kananzir ɗin nan da ɗana, yayanki Taegon, ya sa aka kafa mini bara don ɗumama daɓe, ta ƙi mutuwa. Yau kwana shida ke nan. Na murɗa ɗan akwatin da ke jikin bango har ƙarshe, na danna duk abin da ke dannuwa, jar fitilar nan tana nan tana kallona. Ba na jin ƙararta, amma in na ɗora tafin hannu a jikinta sai in ji tana kakkarwa kamar jakin da aka yi wa lodi. Daɓen ɗaki ba ya takuwa sai da safa biyu. Dankalin da na jibge a kusurwa ya ɗauka bazara ta yi, duk ya fara tsiro. A waje ruwan randa ya zama dutse, ni kuwa ina zaune cikin singileti, taga a buɗe, ina fifita da murfin kwali.

Za ki ce in zare fulogi. Na sani. Amma ranar da aka kafa ta, mai aikin ya rubuta mini da manyan baƙaƙe cewa in ta kwana a kashe cikin hunturu, ruwan bututun da ke ƙarƙashin daɓe zai daskare ya fashe, sai an farfasa ɗakin gaba ɗaya. Don haka in zare, in zauna, in mayar, in zare. Na zama ɗan aikin tukunya. Kananzir kuma sauka yake yi a tanki kamar ana sha da ludayi, motar mai ba ta hawo mana in dusar ƙanƙara ta rufe hanya.

Ke ce ma'aikaciyar lantarki a gidanmu. In kina iya saka wa jirgin ruwa mai hawa goma waya, tukunyar tsoho ba za ta gagare ki ba. Ki rubuto mini abin da zan yi, dalla-dalla.

Abu ɗaya: kada Taegon ya ji. Ya faɗa da bakinsa, ranar da wani abu ya sake faruwa a gidan nan zai kwashe ni zuwa gidansa a birnin Incheon, bene hawa na sha huɗu. A nan na san bakin kowa, mutum na motsa leɓe na gane abin da ya ce. Can kuwa zan zama kujera.

Kawunki,
Eom Chilbok

*

Geoje
14 ga Disamba

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa. Tari ya tafi, aiki ne dai ya yi yawa, jirgin da muke kai za a saukar da shi ruwa da an shiga sabuwar shekara, kowa ido ja. Na karanta wasiƙarka a kan benci lokacin cin abinci, na yi dariya har shinkafa ta sarƙe ni, sannan na sake karantawa, dariyar ta gudu. Kawu, mutum mai shekara saba'in da uku ba ya zama cikin singileti taga a buɗe a watan Disamba!

Fara da rufe tagar nan. Akwatin bango shi ne hancin tukunya, iskar da ke kusa da shi yake shinshinawa. In taga na hura masa sanyi, zai yi ta ce mata ƙara wuta, kai kuma kana ƙara buɗe taga. Ka rufe, ka ba ta rabin yini, ka gani.

In ba ta mutu ba, ka duba ƙaramin makunnin da ke gefen akwatin. Wataƙila hannun riga ya ture shi zuwa inda aka rubuta «ci gaba». Ka mayar da shi tsakiya. Ka ɗora yatsa a jikin akwatin ka murɗa a hankali daga sama zuwa ƙasa, ya kamata ka ji wani ɗan ƙyas a yatsanka, tunda kunne ba zai ji ba.

In duk wannan bai yi ba, ka zare fulogi. Na ce ka ZARE, Kawu, na san halinka. Sannan ka kwance akwatin daga bango. Za ka ga wayoyi biyu a bayansa. Ka cire su, ka raba su nesa da juna, ka naɗe bakin kowacce da tef, ka mayar da fulogi. In tukunya ta yi shiru, akwatin ne ya lalace, sai in aiko maka da sabo. In ta ci gaba da ci, akwatin ba shi da laifi, sai mu nemi ɓarawon a wani wuri. Ba abin da zai gagare ka a nan, ai kai ka koya mini murɗa waya ina 'yar shekara tara, bayan rasuwar Umma, lokacin da ba wanda ya san abin da zai yi da ni.

Maganar Yaya Taegon, na ji, bakina a rufe. Amma me zai hana mai unguwa ya kira maka mai gyara daga gari? Kuma kada ka kwanta a daɓen nan sai ka ninka katifa biyu. Zafin da ba ya sa mutum tsalle shi ne mai dafa nama.

Ka amsa da wuri.

'Yarka,
Yeonsil

*

Sutgol
20 ga Disamba

Yeonsil,

Na gaishe ki. Wasiƙarki ta iso jiya, na gode. Lafiya ƙalau, gwiwa ma zafin nan ya yi mata daɗi, ita kaɗai ce ke murna a gidan.

Na rufe taga kamar yadda kika ce. Na zauna rabin yini kamar dankali a tukunya. Ba ta mutu ba. Makunni yana tsakiya, ba wanda ya taɓa shi. Ƙyas ɗin kuma na ji shi sarai a yatsa, sau biyar na gwada. Sukundireban da nake da shi ya yi wa ƙusoshin akwatin girma, sai da na goge bakin tsohon cokali a dutse. Na cire wayoyi, na raba, na naɗe, na mayar da fulogi. Kafin in miƙe daga tsugunne tukunya ta sake kunnuwa. Ga akwatin nan a kan tebur, ga rami a bango, ita kuwa ko a jikinta. To, malamar lantarki, sai me?

Mai gyara kuwa, ki bar wannan. Mai unguwa abokin Taegon ne tun firamare, duk abin da ya shiga kunnensa da safe, kafin rana ta faɗi ya isa Incheon.

Matar Punggi, maƙwabciyata ta gangare, ta shigo shekaranjiya kawo mini miyar kabeji. Tana taka daɓe ta yi baya, ta ce, «Kai tsoho, gasa kanka kake yi don a huta da wahalar jana'iza?» Na ce mata tukunya ce ta haukace. Ta ce, «Ai dama! Mutumin da ya shekara talatin yana haƙo kwal, ya tsufa ya koma bautar kananzir, me kake jira?» Ta fita, sai ga ta da curin wakenta na daddawar miya guda ashirin, ta jera mini su a kan ciyawa a gefen ɗaki, wai kada zafin ya tafi a banza. Yanzu ga zafi, ga wari. Na sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba. Ta ce muddin wakenta bai gama yi ba, ba ta ga komai ba.

Akwai ɗan wuri a kwankwasona na dama da ya yi ja, ya ɗan tashi. Barci ya sace ni a daɓe ranar Asabar, ban farka ba sai da rana ta yi tsaka. Ba ya ciwo sosai. Na shafa man riɗi. Ba don ki damu na faɗa ba, don kin yi maganar katifa ne.

Tanki ya sauka ƙasa da rabi. Sama ta yi nauyi tun safe, tsuntsaye sun yi tsit. Ki hanzarta.

Kawunki

*

Sutgol
27 ga Disamba

Yeonsil,

Gaisuwa. Ina fata kina lafiya. Kwana bakwai ban ga amsarki ba. Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, mai babur ɗin gidan waya bai hawo ba, wannan ma mai unguwa zan ba ya sauka da ita a ƙafa.

Na gaji, 'yata. Zare, mayar, zare, mayar, rabona da barcin kirki na manta. Na yi iya yina, ta fi ƙarfina. Na yanke shawara zan koma wajen Innarki in kwanta, can ba abin da zai tashe ni. Na share wurin jiya, na gyara komai. Tukunya ta ci kananzir ɗinta har ta ƙoshi, bayan nan abin da zai fashe ya fashe.

Kada ki wahalar da kanki kuma. Kin yi mini ƙoƙari.

Kawunki

*

Geoje
31 ga Disamba

Kawu,

Ban san ko za ka karanta wannan ba. Ina gaishe ka, ina roƙon ta same ka da rai da lafiya.

Me kake nufi da za ka koma wajen Inna? Inna shekararta huɗu a kabari a kan tudun bayan gida! Ka share wurin, ka gyara komai, kada in wahalar da kaina? A tsaye na karanta a bakin ƙofar ma'aikata, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na buga tarhonka ya fi sau ashirin, ko da yake na san ba za ka ji ba. Na buga na mai unguwa, layin Sutgol gaba ɗaya a mace. Na je wurin shugaban sashenmu neman izini, ya ce jirgi zai sauka ruwa jibi, duk wanda ya tafi kada ya dawo. Ko da na tafi, an ce motoci ba sa wuce garin Jecheon saboda dusar ƙanƙara.

Don haka na kira Yaya Taegon. Na gaya masa komai: tukunya, taga, kwankwaso, wasiƙar nan. Na karya alkawari, na sani. Ka yi fushi da ni shekara goma in ka ga dama, ni dai ka kasance kana nan kana fushin. Sai na ji yana tambayar matarsa ina sarƙar da ake ɗaura wa tayar mota don ratsa dusar ƙanƙara.

Na amsa maka tun ranar ashirin da uku, wasiƙar tana can maƙale a gidan waya. Zan maimaita, ko don in sami abin da zan riƙe. Tunda ta ci gaba da ci bayan ka cire akwati, saura abu biyu: ko wayar da ta taso daga akwatin zuwa tukunya ta haɗe a wani wuri, ko kuma ƙwaƙwalwar tukunyar ce ta ƙone. Ka zare fulogi, ka buɗe murfin gaba, ka cire bakin wannan wayar daga can ɓangaren tukunya. In ta yi shiru, waya ce. Sai ka bi ta taƙi-taƙi har ka ga inda ta ji rauni.

Kwankwason nan kuma ba aikin man riɗi ba ne. A nuna wa likita.

Kawu, don girman Umma, ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Yeonsil

*

Sutgol
7 ga Janairu, 1995

Yeonsil,

Ina gaishe ki, kuma ina raye, tunda abin da kike son ji ke nan.

Ke wace irin yarinya ce? Wajen Innarki, ɗakin baya nake nufi, mai murhun itace, inda take kwana lokacin da ƙafafunta suka fara sanyi. Shekara nawa muna ce masa «wajen Inna» a gidan nan? Ke kanki kin sha kwana a ciki. Na share shi, na hura itace, na yi barcin da ban yi ba tun farkon Disamba. Sai dai da na karanta taki, na tuno abin da na rubuta, na ga ni ma da laifina. Mai gajiya bai kamata ya riƙe alƙalami ba.

Ranar ɗaya ga wata ina ɗakin baya ina gasa dankali a toka, sai ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Taegon ne, wando jiƙe har cinya, takalmin ofis a ƙafa. Ya bar mota a gindin gada ya tako kilomita shida. Ashe ya fara shiga babban ɗaki, ya tarar ba kowa sai wake da rami a bango, ya haura tudu wajen kabarin uwarsa yana kirana, sannan ya hango hayaƙi. Ya tsaya yana kallona, ni da dankali a hannu. Na ce, «Za ka ci?» Sai ya durƙushe a bakin ƙofa ya rufe fuska. Rabon da in ga yaron nan yana kuka tun yana aji uku.

Da ya dawo hayyacinsa kuwa, sai faɗa. Yana magana da sauri, ban kama ko rabi ba. Na ce, «In za ka zage ni, zage ni a hankali in gani.» Ya fizgo kalanda daga bango, ya juya bayanta ya rubuta: «Me ya sa ka gaya wa Yeonsil, ni ba ka gaya mini ba?» Na ce, «Ita in na ce tukunya ta lalace, tukunya take ji. Kai kuwa sai ka ji uba ya lalace.» Sai ya ajiye alƙalami.

Kwana uku muka yi a rufe tare. Shi ya karɓi aikin zare da mayarwa, kwana ɗaya tak ya yi ya fara zagin tukunyar da ya saya da kuɗinsa. Ranar huɗu ga wata aka buɗe hanya, mai babur ya kawo wasiƙunki biyu a haɗe. Na karanta, na ce wa Taegon ya riƙe mini tocila. Ya ce a jira mai gyara. Na ce, «Riƙe dai.» Na cire wayar daga ɓangaren tukunya, ya mayar da fulogi. Na ɗora tafin hannu a jikinta. Shiru, Yeonsil. Kamar dutse. Na daɗe ban ɗauke hannun ba.

Sai na bi waya. Wanda ya shekara talatin yana bin wayar nakiya a cikin duhu, wannan wasa ne. Ta fita daga ɗakin tukunya, ta bi ƙasan bango, ta shige bayan siririn katakon da Taegon ya kafa da kaka don ya rufe bakin ledar daɓe. Na ɓamɓare katakon. Ga ƙusa ta ratsa tsakiyar waya, ta yi tsatsa, ta haɗe wayoyin nan biyu na ciki. Na tura shi ya ɗebo mini tef, kafin ya dawo na zare ƙusar na jefa aljihu. Na ce masa ɓera ne ya ci. Na yanke wurin, na murɗa, na naɗe, na mayar da akwati. Yanzu in na ce ta tashi ta tashi, in na ce ta kwanta ta kwanta.

Matar Punggi ta zo ta tarar da ɗaki ya huce, ta ce, «Wa ya aike ku? Saura kwana biyar wakena ya yi!»

Maganar kwankwaso, gobe zai kai ni gari.

Ban gama fushi da ke ba. Amma na fara gajiya da shi.

Kawunki

*

Sutgol
11 ga Janairu

'Yata Yeonsil,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga katinki, na ji jirgi ya sauka lafiya, madalla. Ki daina ba da haƙuri, ya isa haka.

Likita ya duba, ya yi mini faɗa kamar ya haife ni. Ya ce ƙunar ta shiga ciki fiye da yadda take a ido, sai an riƙa wankewa ana sauya bandeji duk bayan kwana biyu, har wajen mako shida. Daga Sutgol ba mai iya wannan zirga-zirgar a cikin hunturu. Kin ga inda maganar ta nufa.

Muka kamo hanyar gida a mota. Na riga na ga kaina a hawa na sha huɗu ina kallon rufin motoci. Da muka iso ya dafa mana taliya, muka ci. Sai ya tura kwano gefe, ya matso gabana sosai, ya yi magana a hankali yadda zan gani.

Ya ce, «Baba, ɓeran nan naka.»

Na ce, «Me ya yi?»

Ya ce, «Ya iya riƙe guduma.»

Ashe ya ga ramin ƙusar a jikin katako. Na ce ɓerayen Sutgol ba irin na birni ba ne. Ya yi dariya, ni ma na yi, har kwankwaso ya amsa. Sannan ya ce, «Na zo ne in ɗauke ka gaba ɗaya, har na ƙudura a raina zan yi wa mai unguwa maganar sayar da gidan. Amma ni na lalata, kai ka gyara. Mako shida, Baba. Ranar da likita ya sallame ka, ni zan dawo da kai da kaina.» Na ce ya rubuta. Ya rubuta a bayan kalanda, ya sa hannu, na ninke na saka a aljihun ciki.

Za mu tashi ranar sha tara. Matar Punggi za ta riƙe makulli. Ki zo mana Incheon bikin sabuwar shekarar gargajiya in an ba ki hutu, matar Taegon ta ce akwai wurin kwana.

Saura aiki ɗaya, kuma Taegon ne ya ce in tambaye ki. Gida zai zauna ba wuta har ƙarshen Fabrairu. Ki rubuto mana yadda ake zuƙe ruwan tukunya da na bututun ƙarƙashin daɓe kaf, kada ɗigo ya rage ya daskare. Wane famfo ake fara buɗewa, wanne ake rufewa. Ki kuma rubuta yadda ake sake cika ta a tayar da ita, wannan a takarda daban, da manyan baƙaƙe. Ita zan tafi da ita.

Kawunki,
Eom Chilbok